Gawar da Ta Rasa Labule

Da matashin kai aka fara.

Baba Mai Agogo ya dawo daga sallar la'asar, ya jingine sandarsa a bayan ƙofa, ya zauna bakin gado zai ɗan miƙe bayansa, sai ya ga wurin matashin fayau. Ya ɗaga bargo, ya leƙa ƙarƙashin gado, babu. Yana cikin lalube sai ya jiyo wani irin nishi daga tsakar gida, irin na sa idan mahauta sun kayar da shi. Ya leƙa ta taga. Ga ɗansa Akawu nan kwance a kan tabarma, ya kafa kai a kan matashin, yana shure-shure, ƙarti shida sun kewaye shi suna kallo.

"Ba haka ake mutuwa ba!" in ji Mai Aski, wanda tun da ya kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo a unguwa ya daina amsa kowane kira sai Darakta. "Kai fa Kyaftin ne na jirgin ruwa, ba ɗan akuya ba. Tashi ka sake mutuwa."

Akawu ya tashi, ya kaɗe wando, ya sake mutuwa.

Ni da nake ba ku labarin nan dako na yi a tasha tun ƙuruciya har furfura. Mota ta buge ni sau biyu, duka biyun ita aka kai gareji, ni na tafi gida da ƙafata. Ban taɓa zama a aji ba, amma abin da idona ya gani ba ya buƙatar malami ya fassara mini. Gidana yana kallon na Mai Agogo, benci ɗaya muke zama, kuma abin da aka yi masa a gidan nan shi ya hana bakina rufuwa.

Wasan da suke shiryawa labarin wani Kyaftin ne da barci ya kwashe shi a kan sitiyari, jirgi ya daki dutse. Don kada mutuncinsa ya zube, sai ya ɗora laifin a kan wani tsoho mai tsaron fitila, ya ce tsohon ya ruɗe, ya sa aka kulle shi a ƙasan jirgi. Daga baya abin ya riƙa cin ransa, har ya tara mutanen jirgi ya amsa laifinsa, ya sha guba ya mutu. Akawu aka ba Kyaftin, saboda yana da tsayi, yana da murya, kuma tsakar gidan ubansa ta fi ta kowa faɗi.

Da aka watse ran nan, Baba ya kira shi.

"Kai, matashina fa?"

"Aro ne, Baba. Kwana biyu. Darakta ya ce in na faɗi ƙeyata tana bugun siminti."

"To ni tawa ƙeyar fa?"

"Ai kai ba faɗuwa kake yi ba, Baba, a hankali kake kwanciya."

Baba ya juya maganar a ransa, ya ga akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Ya naɗe tsohuwar riga ya tada kai da ita.

Bayan kwana uku baƙar kwat ɗinsa ta bar kan ƙusa, domin Kyaftin ba ya tsayuwa a gaban teku da shat ɗin ofis. Hularsa ta bi kwat. Sai agogon aljihunsa mai sarƙa, wanda ya ƙi sayarwa ko da ya rufe shago, wanda yake murɗa kansa ya ba shi wani kowace safiya kafin ya sha shayi. Sai kwalbar maganin gwiwarsa, wai ita ce mai siffar guba. Matar Akawu ta juye maganin a kofi, kyanwa ta ture kofin.

"Za a kawo wani, Baba," in ji ta, tana goge ƙasa ba ta ɗago kai ba. "Ni dai abin da maigida ya ce shi na yi."

Duk wannan bai dami Baba sosai ba. Abin da ba zai faɗa wa kowa ba shi ne wasan yana burge shi. Kullum da yamma yakan ja kujera bakin taga ya saurara. Idan Akawu ya daka wa guguwa tsawa, tsikar jikin tsohon har tashi take yi, ya ce a ransa, wannan muryar tawa ce sak lokacin da haƙorana ke cike. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana warware cikin agogo ya mayar da kowane ɗan ƙarfe mazauninsa, kansa ba ya zubar da abu. Kafin mako biyu ya haddace wasan kaf, da maganar Kyaftin, da ta matuƙa, har da inda Mai Aski yake yin tari.

Akawu kuwa wuri ɗaya ne yake cije masa. Guguwa ya iya ta. Mutuwa ya ƙware, har ya kai yana mutuwa iri uku. Amma da zarar an zo inda zai amsa laifi, sai ya rufe ido, ya ɗaga hannu sama, ya ce, "Ya ku mutanen jirgi! Ni ne… ni ne…" sai injin ya mutu.

"Kai ne wa?" in ji Mai Aski. "Kai ne mai sayar da kifi? Ni ne na yi barci a kan sitiyari! Sau nawa zan karanto maka?"

Mai Aski yana da doka ɗaya da ya fi riƙo da ita fiye da askarsa. Gawa ba ta motsi sai an ja labule. "Ko kunama ce ta harbe ka," in ji shi, "ko rufin ne ya kama da wuta, in ba a ja labule ba kai matacce ne. Wanda ya motsa ya ci amanar sana'a, kuma ba zai ƙara hawa mini dandamali ba har abada." Wata rana cinnaka ya ciji Akawu yana kwance, ya sosa. Sai da aka sa shi ya mutu sau goma a jere, kuma daga ranar ya rantse da mutuncinsa ba zai sake ba.

Inda abin ya karkace a bencinmu ne. Muna zaune da hantsi ran Asabar, Akawu ya fito da Mai Aski, sai mai shagon kusurwa ya ce, "Mai Agogo, ƙarfe nawa? Yau kwana nawa ban ga ka zaro abin nan naka ba. Kwat ɗin ma ban ganta ba."

Ashe Akawu ya riga ya shaida wa 'yan ƙungiya cewa kayan Kyaftin duka shi ya nemo su da guminsa, ya hana kansa ya ba wasa. Har tafi aka yi masa, Mai Aski ya ce irin wannan sadaukarwa ita ake nema. Sai ga mai shago zai ɓare magana a gaban Darakta.

Akawu ya yi wata dariya wadda ba ta kai ciki ba. "Ai Baba sai addu'a. Mantuwa ta fara. Ajiye abu yake yi ya manta inda ya sa, mu yi ta nema."

Baba ya ɗaga kai ya dubi ɗansa. Ya ga zufa ta tsatso masa a kan hanci, ya ga idon nan yana roƙo, irin kallon da yake yi tun yana ƙarami idan ya fasa kofi baƙi suna zaune. In ya ce ƙarya ne, kafin azahar unguwa ta ɗauka cewa Akawu ya tuɓe ubansa don wasa.

"Haka ne," in ji shi. "Tsufa."

Kalma ɗaya ce, amma ta fi buhun siminti nauyi, kuma ni na san nauyin buhun siminti.

Daga ranar unguwa ta sauya masa murya. Wanda zai gaishe shi sai ya sunkuyo ya kwarara masa ihu a kunne, "Baba! Ka gane ni?" Matar da ta saba kawo masa agogon bango ya duba mata, ta zo ta karɓe abinta ba a gama gyara ba. Idan ya ba da labari a benci, sai a riƙa gyaɗa kai ana cewa "Allah sarki," ko da labarin na dariya ne. Mai shago ya daina gardamar ƙwallo da shi, kuma wannan ya fi komai yi masa ciwo, domin shekara da shekaru da gardamar nan yake karya kumallo.

A gida kuwa maganar ta zama mabuɗin kowace ƙofa. Aka cire labulen ƙofarsa da na tagarsa, aka haɗa da zanen gadonsa aka ɗinke, ya zama labulen dandamali. Da ya tambaya, Akawu ya ce, "Wane labule, Baba? Ai ɗakin nan ya daɗe ba labule." Ya faɗa ba tare da ƙifta ido ba, domin maƙwabciya tana tsakar gida tana ɗiban ruwa. Aka ɗauke gadon, wai shi ne gaban jirgi. Da kayan wasa suka yi yawa, aka ga ɗakin Baba ne ya dace da su, sai aka mayar da shi ɗakin ajiya na bayan kicin, tsakanin tsohon keke da buhunan gawayi.

"Nan ya fi maka, Baba," in ji Akawu. "Ba hayaniya. Likitoci sun ce mai irin lalurarka ba ya son hayaniya."

"Wane likita ne ya gan ni?"

"Ai a rubuce yake a littattafai."

Sanda ita ce ta ƙarshe. Mai Aski ya ce Kyaftin ba tare da sanda ba kamar aski ne ba sabulu. Washegari Baba ya tashi zai fita masallaci, ya dafa bango, ya dafa keke, keken ya tafi, shi ma ya bi shi. Goshinsa ya fashe a bakin ƙofa.

Akawu ya dawo daga ofis ya tarar an ɗaure wa ubansa kai. Ya tsaya a tsakar gida ya dafe ƙirji, ya ɗaga murya yadda na bayan katanga za su ji. "Ni kaɗai na san abin da nake ɗauke da shi! Aiki a wuyana, wasa a wuyana, tsoho a wuyana! Amma ba zan gaza ba. In na bari ya fita ya ɓata a titi, me zan ce wa duniya?" Ya aika aka sayo kwaɗo, ya sa wa ƙofar ɗakin ajiya ta waje. Idan zai fita ya kulle, idan ya dawo ya buɗe. Maƙwabta suka ce kai, samun ɗa irin wannan sai an tona.

Baba yana zaune a kan tabarma ya ji ƙarar kwaɗon, ƙaras. Sai ya ce a ransa, wannan wurin na san shi. Shafi na tara ne, inda ake kulle mai tsaron fitila.

Ɗakin ajiyar yana da 'yar taga da ke kallon lungu. Da na kwana huɗu ban ga mutumina a benci ba, na zagaya na ɗora ƙafa a kan bulo na leƙa.

"Kai tsohon banza, da ranka?"

"Ɗan Dako, sauka kafin bulon ya kai ƙararka."

"An ce ka ruɗe."

"An ce."

"Ran da na ɗauko maka akwatin shago, wace riga ce a jikina?"

"Babu riga a jikinka. Kuma ka yar da akwatin a bakin kwata, ka ce kwatar ce ta matso."

Na ce, "To wallahi yau sai na tara unguwa."

"Ba za ka tara kowa ba," in ji shi. "Saura mako ɗaya su yi wasan. In an gama zai dawo mini da kayana, magana ta mutu. Yaron nan bai taɓa samun abin da aka tafa masa ba sai wannan. Ni ne zan zubar masa?"

Ya faɗi haka goshinsa ɗaure da tsumma, gawayi ya ɓata masa gwiwar wando. Na sauka daga bulon ina zagin iska.

Ana jibi wasa, da yamma, Baba ya jiyo 'yan ƙungiya ta bango suna shawara. Mai Aski yana cewa idan abin ya karɓu za su zagaya da shi makarantu har ƙarshen shekara, kuma ɗakin gaba, wanda aka fitar da Baba daga ciki, ya zama ofishin ƙungiya. Akawu ya ce, "Ba matsala, Darakta. Ai Baba ya saba da inda yake. Bai ma san an sauya masa ɗaki ba."

Baba ya jingina da buhun gawayi. Ya daɗe yana kallon wata ƙusa a bango da babu kwat a kanta.

Ranar wasa tun da hantsi aka kwashe kaya zuwa zauren taro na makarantar unguwa. Akawu ya kulle ɗakin ajiya, ya ba matarsa makulli, ya ce kada ta kuskura, domin taron jama'a yana rikita masu lalura. Bayan azahar ta yi kwalliya za ta tafi kallo, ta tsaya a bakin ƙofar ta daɗe.

"Baba, kana son wani abu?"

"Ina son in ga ɗana a kan dandamali, 'yar nan. Shi ke nan."

Ta fito waje, ta gan ni a benci. Ta gaishe ni, ta gyara mayafi, sai makulli ya faɗo daga hannunta daidai ƙafata. Ta dube shi, ta dube ni.

"Kawu," in ji ta, "ni ma fa kwanan nan mantuwa ta fara kama ni." Ta wuce abinta.

Na buɗe kwaɗon. Ba sanda, gwiwa ba magani, sai na ɗauko barona na shimfiɗa buhu na ɗora Baba. Na tura firiji, na tura injin niƙa, ban taɓa tura kaya mai yawan ba da umarni irin wannan ba. "Hagu! Rami! Kai, a haka ka yi shekarun nan ba a kore ka ba?" Muka isa zaure ya cika maƙil. Na kutsa da baro har gaba na ajiye shi a gefen dandamali, ya zama kujerarsa ta fi ta shugaban makaranta kyau.

Aka ja labule, Baba ya gane zanen gadonsa da ƙonuwar dutsen guga a gefe. Sai ga Kyaftin ya fito: baƙar kwat, hula, sarƙar agogo tana walƙiya, sanda a hannu. Zaure ya ɗauki tafi. Ku ji ikon Allah, tsohon nan har da shi a masu tafi, idonsa ya kawo ruwa, yana taɓa na kusa da shi yana cewa, "Ɗana ne."

Guguwa ta yi kyau. Mai Aski yana bayan labule yana girgiza fallen kwanon rufi a matsayin tsawa, wani yana watso ruwa da bokiti a matsayin igiyar teku. Bokiti na uku ya kauce ya sauka a kan Darakta da takardun da ke hannunsa. Tawada ta narke, shafukan suka manne kamar an dafa su.

Aka kulle mai tsaron fitila, mata suna tsaki suna cewa Allah ya isa. Aka zo ƙarshe. Kyaftin ya tako gaban dandamali, ya rufe ido, ya ɗaga hannu.

"Ya ku mutanen jirgi! Ni ne… ni ne…"

Shiru. Mai Aski yana ta ɓanɓarar takarda tana yagewa. Wani daga baya ya ce, "Kai ne wa?" Aka fara dariya ƙasa-ƙasa. Baba ya ga zufar nan ta tsatso a kan hancin ɗansa. Bai san lokacin da bakinsa ya buɗe ba.

"Ni ne na yi barci a kan sitiyari," in ji shi, daidai yadda na kan dandamali zai ji.

Akawu ya cafke kamar mai nutsewa ya samu igiya. Idonsa a rufe, bai san daga ina taimako ya zo ba. "Ni ne na yi barci a kan sitiyari!"

"Ni ne na ce tsoho ya ruɗe, alhali hankalinsa ya fi nawa."

"Ni ne na ce tsoho ya ruɗe, alhali hankalinsa ya fi nawa!"

Mutanen layin gaba suka fara juyowa suna kallon baro. Mai shago ya buɗe baki. Wannan ba shi ne wanda aka ce ba ya gane hanyar masallaci ba?

"Ni ne na kulle shi don kada bakinsa ya tona ni."

Akawu ya maimaita har da dukan ƙirji. Saura layi ɗaya a sha guba, kuma Baba ya san layin sarai. Ya buɗe baki zai faɗa, sai idonsa ya sauka a kan sandar, ga ɗan tabon da ke wuyanta inda babban yatsansa ya cinye itacen. Ya tuna maganar zagaye makarantu har ƙarshen shekara. Ya tuna ƙaras ɗin kwaɗo. Ya ɗaga murya yadda na bayan zaure ma za su ji.

"Ni ne na ɗauke matashin kansa."

"Ni ne na ɗauke matashin kansa!"

"Da kwat ɗinsa, da hularsa, da agogonsa."

"Da kwat ɗinsa, da hularsa, da agogonsa!"

A bayan labule Mai Aski yana juya jiƙaƙƙiyar takarda yana cewa, "Wannan a wane shafi yake?"

"Na zubar da maganin gwiwarsa, na kai shi ɗakin gawayi."

"Na zubar da maganin gwiwarsa, na kai shi ɗakin gawa…"

Nan Kyaftin ya buɗe ido. Ya ga baro. Ya ga ubansa zaune a kan buhu da tabo a goshi. Ya ga unguwa gaba ɗaya, babu mai dariya, babu mai tari.

Da a ce ya sauko a lokacin ya durƙusa, da ni da kaina na tafa masa, kuma tafina ana jin sa daga tasha. Amma jarumin ya duba hagu, ya duba dama, ya ga ƙofa ɗaya ce ta rage masa. Ya zaro kwalba ya kafa kai, ya zube a kan matashi, ya mutu. Cikin mutuwarsa iri uku, mafi sauri ya zaɓa.

"A ja labule!" in ji Mai Aski. Amma mai jan igiyar ya saki baki yana kallo kamar kowa.

"Ɗan Dako, ɗaga ni," in ji Baba.

Ya dafa kafaɗata muka hau matakala uku. Ya sunkuya a kan gawar, ya zare sandarsa daga hannunta, ya dogara, ya miƙe tsaye da kansa. Ya cire hular ya kafa a kansa. Ya zaro agogon ya kara a kunne, ya girgiza kai.

"Ko wani ba ka ba shi," in ji shi.

Gawar ta motsa leɓe kaɗan. "Baba, don Allah ka rufa mini asiri."

"Gawa ba ta magana. Ɗaga kafaɗa, kwat nake so. Au, ba ka motsi. Ɗan Dako, juya mini shi."

Na juya shi kamar buhun albasa, muka zare kwat. Baba ya janye matashin, ƙeyar Kyaftin ta gaisa da katako, ƙwal. Bai motsa ba. Gaskiya a nan ya riƙe amanar sana'a.

Sai tsohon ya taka zuwa gefe, ya sa wuyan sanda ya saƙalo igiyar da labule ke rataye, ya fizge ƙullin. Labulen ya zubo ƙasa gaba ɗaya.

"Baba!" in ji Mai Aski, ruwa yana ɗiga daga gemunsa. "In ba labule yaya za a yi ya tashi?"

"Wannan kuma dokarka ce, ɗana. Ni dai wata biyu ina rufa masa asiri, kuma da labulena aka rufa. Yau ina son abina."

Ya kama gefe ɗaya zai ninke, hannu ɗaya ba ya isa. Sai ga matar Akawu ta taso daga cikin mata, ta hau dandamali, ta tsallake ƙafar mijinta, ta kama ɗaya gefen. Suka ninke shi tsaf, kusurwa da kusurwa, ta ɗora a ka. A nan ne zaure ya fashe. Wasu na dariya har da riƙe ciki, wasu tsofaffi kuwa ba su yi dariya ba, na ga suna satar kallon 'ya'yansu.

Baba bai hau baro ba. Da ƙafarsa ya koma gida, a hankali, da kwat da hula, mai shago yana biye da shi yana neman gardama, shi kuwa yana cewa, "Ka gane ni? Ka tabbata ka gane ni?"

Gawa ta kwanta a wurin har zaure ya watse, domin duk wanda ya zo fita sai ya tsaya ya ga ko za ta motsa. Sai da mai shara ta zo ta ce wa Akawu ya ɗaga za ta share ƙarƙashinsa. Gab da magariba muka hango shi tafe ta tsakiyar titi da gado a ka, shi kaɗai, ana tambayarsa daga shaguna, "Kyaftin, ina za a kai jirgin?" A ƙa'idar sana'ata ba na ganin mutum da kaya in ƙyale shi. Ran nan na ƙyale.

Yanzu Baba yana ɗakinsa, labule a ƙofa, agogo yana tafiya daidai. Kwaɗon yana nan, amma a ƙofar gaba yake, kuma makullin yana aljihun kwat. Unguwar da ta yi wata biyu tana yi masa ihu a kunne, babu wanda ya zo ya ce mun yi kuskure. Kowa cewa yake yi shi dama bai yarda ba. To wa ya yarda? Mutum ɗaya ya faɗi magana, mutum ɗari suka karɓa, babu wanda ya taka ya tambayi tsohon ko yau wace rana ce, saboda furfura ce a kansa.

Akawu kuwa ya sayo maganin gwiwa, yana gaisuwa safe da yamma har da rusunawa. Rannan ya shigo ɗakin ina zaune, ya tsaya yana murza hannu, ya rufe ido, ya ce, "Baba, ni ne… ni ne…"

Baba ya zaro agogo ya duba, ya mayar aljihu, ya gyara zama a kan matashinsa.

"Ina jinka," in ji shi. "Wannan karon ba mai karanto maka."